Mutumin da yake ɗauke da jirage a ka

Kwanakin baya na shiga jirgi, an rufe ƙofa kowa ya ɗaura bel ɗinsa, sai shiru. Minti goma, minti ashirin, ko motsi babu. Can sai kyaftin ya yi magana ta lasifika, wai masu kula da zirga-zirgar jirage sun ce mu dakata, hanyar da za mu bi a sama ta cika, sai nan da kamar minti arba'in za su sake mu. Wani dattijo da ke zaune kusa da ni ya ja dogon tsaki ya juyo ya ce, "Ɗana, yanzu saman ma gosulo ake yi a cikinta? Sama duk faɗinta?" Na yi dariya na ce, "Baba ai saman ba ta cika ba, kan wani bawan Allah ne ya cika." Ya kalle ni irin kallon nan na yaron nan ko lafiya yake, ya mayar da kai taga.

To maganar da na so in ƙarasa mai ban samu dama ba ita ce zan zuba muku a nan. Ni ba matuƙi ba ne kuma ban taɓa zama gaban allon rada ba, kawai dai na daɗe da kamuwa da ciwon kallon jirage a Flightradar24, shafin nan mai nuna jiragen da ke sama a kan taswira, da sauraron maganar matuƙa da 'yan hasumiya a intanet, da kuma karanta rahotannin binciken haɗari waɗanda yawanci ba mai karanta su sai irinmu marasa aikin yi da daddare.

Saman da muke gani fili fetal, a wurin masu aikin a yanke take gunduwa-gunduwa kamar filoti, kowane yanki da iyakarsa ta gefe da ta tsayi, da lambar rediyonsa, da mutum ɗaya ko biyu da suke da alhakin duk jirgin da ya shigo ciki har ya fita. Wanda ke cikin hasumiyar nan mai gilashi da muke gani a filin jirgi shi nasa titin jirgi ne da kewayensa. Da jirgi ya ɗaga sai ya miƙa shi ga wani, shi ma ya miƙa wa wani, kuma waɗannan na gaban yawancinsu a cikin wani babban ɗaki suke wanda ko taga ba lallai yana da ita ba, ba sa ganin jirgi ko ɗaya da ido, ɗigo ne kawai a allo da 'yan lambobi a gefensa: sunan jirgi, tsayinsa, gudunsa.

Ƙa'idar kuwa ba ta da wani tsawo. Idan jirage biyu suna can sama, ko dai a samu ƙafa 1,000 tsakaninsu ta tsayi, wato kamar mita 300, ko kuma mil 5 irin na teku ta gefe, wajen kilomita 9 kenan, kusa da filin jirgi akan rage zuwa mil 3. A da idan an wuce ƙafa 29,000 sai an bar ƙafa 2,000, da na'urorin auna tsayi suka ƙara kyau aka mayar da shi 1,000, Turai a 2002, Amurka a 2005, Afirka a 2008. Sannan akwai wata dabara mai sauƙi, a mafi yawan wurare mai yin gabas yana bin tsayi mara, 33,000 ko 35,000, mai yin yamma yana bin cika, 34,000 ko 36,000, don kada a yi gaba da gaba.

Kilomita 9 za ka ce ai da nisa. Yi lissafi. Jirgi yana gudun kilomita 850 a awa, wani ya taho daga gabansa da irin wannan gudun, kenan 1,700 suke cinyewa tsakaninsu, kusan rabin kilomita a kowane sakan. Kilomita 9 ɗin nan sakan 20 ne ya ƙare. Kuma kada ka ce ai matuƙi yana da ido, jirgin da zai buge ka shi ne wanda ba ya motsi a gilashinka, yana nan tsaye kamar kashin ƙuda a wuri ɗaya sai a ƙarshe ya kumbura lokaci guda ya cika gilashin. Hukumar jiragen saman Amurka ta ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango abu zuwa ya gane jirgi ne, ya gane karo za su yi, ya yanke shawara, ya juya, jirgin ya amsa, sai an ci sakan 12 da rabi. Da ido aka dogara a 1956 lokacin da jirgin TWA da na United suka haɗu a saman Grand Canyon mutum 128 suka mutu, wannan haɗarin ne ya tura Amurka ta zuba kuɗi a rada ta kafa hukumar a 1958.

Yanzu shi ma'aikacin me yake yi a zahiri? Abin da yake gani a allo yanzu-yanzu ba shi ne damuwarsa ba sosai, hankalinsa yana minti biyar zuwa goma a gaba. Wannan da ya taho daga arewa a 35,000 da wancan da yake hawa daga kudu zai ratsa 35,000 ɗin, ina za su kasance nan da minti bakwai? Idan zai karkatar da ɗaya digiri goma zuwa dama, wa zai tarar a can? Ga wani yana roƙon a ba shi sama don iska tana jijjiga shi, ga wani dole ya fara sauka yanzu in ba haka ba zai wuce filinsa, ga wayar maƙwabcin yanki tana ƙara zai miƙo masa wasu biyu, kuma duk umarnin da ya bayar dole matuƙi ya maimaita masa shi kuma dole ya saurara da kyau ya tabbatar abin da ya faɗa aka maimaita, don kunne yana da wata mugunyar ɗabi'a ta jin abin da yake sa ran ji. Su a wurinsu wannan taswirar da suke riƙewa a ka suna ce mata hoto, kuma abin da kowannensu yake tsoro shi ne hoton ya ɓace masa, ya koma yana bin jirage a baya yana kashe wuta maimakon ya riga su.

Ga kuma rediyon, wanda ni a ganina shi ne wuyan kwalbar gaba ɗaya. Layi ɗaya ne, mutum ɗaya ke magana a lokaci guda. Mutum biyu suka danna tare sai ka ji ƙiiii, ba wanda aka ji, kuma mai maganar bai ma san ba a ji shi ba. Idan kowace magana da amsarta za ta ci sakan goma, to minti ɗaya magana shida kawai yake ɗauka, ko kai waye. Shi ya sa suke da nasu Turancin na daban, a gajarce, har lambobi sun canza musu furuci don kada tara ta yi kama da biyar a cikin shuuu ɗin rediyo.

Don haka kowane yanki akwai adadin jiragen da aka yarda su shiga cikinsa a awa. A Turai cibiyar Eurocontrol da ke Brussels ce take duba wannan, idan ta ga wani yanki zai sha kaya fiye da ƙarfinsa sai ta riƙe jirage tun suna ƙasa ta ba kowa lokacin tashinsa. Zaman da muka yi da Baba kenan. Kuma adadi kaɗai ba ya faɗin nauyin aiki, jirage 15 da suka jeru suna bin hanya ɗaya a tsayi daban-daban sun fi sauƙi a kan guda 6 da suke gicciye da juna wannan na hawa wancan na sauka ga hadari ya tare hanya kowa yana neman ya kauce ta gefe ɗaya.

Haɗari irin na cunkoso ya faru a Zagreb, cikin tsohuwar Yugoslabiya, ranar 10 ga Satumba 1976. Gradimir Tasić shi ne mafi ƙarancin shekaru a ɗakin, yana riƙe da jirage 11 shi kaɗai a lokacin saboda mataimakinsa ba ya kan kujera, aka miƙo masa jirgin Inex-Adria yana hawa zai ratsa tsayin da jirgin British Airways yake. Da ya farga sai ruɗewa ta sa ya bar Turanci ya koma harshensa na gida, matuƙan Ingila ba su fahimci komai ba. Jiragen suka yi karo, mutum 176 suka mutu. Aka ɗaure shi, sai da abokan sana'arsa na ƙasashe suka yi ta kai ƙorafi kafin aka sake shi.

Amma wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na Überlingen, daren 1 ga Yulin 2002, a kan iyakar Jamus da Suwizalan, saboda a wannan daren sama kusan wayam take. Wajen sha ɗaya da rabi na dare ne. A cibiyar Zurich mutum biyu ne ya kamata su kasance a kan aiki, ɗaya ya tafi hutawa, abin da aka saba yi kenan shekara da shekaru idan dare ya yi kuma manya sun sani sun kawar da kai. Ya rage Peter Nielsen shi kaɗai da tebura biyu, kowane da allonsa da rediyonsa, yana gangara kujera daga wannan zuwa wancan. A daren kuma injiniyoyi suna gyara, don haka radar tana aiki ne a rage, alamar gargaɗin da takan fito a allo kamar minti biyu kafin jirage su matsi juna ba ta aiki. Babban layin waya ma an cire shi saboda gyaran, na ko-ta-kwana kuma ya ƙi shiga.

Sai ga wani jirgin Airbus da ya makara yana son sauka a Friedrichshafen. Dole Nielsen ya kira hasumiyar can ya sanar da su, waya ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya sake. Duk wanda ya taɓa fama da waya tana ƙin shiga alhali abu na gaggawa ne ya san yadda take tattare hankalin mutum gaba ɗaya ta cusa shi a wuri ɗaya. A ɗaya allon kuwa, Tupolev na kamfanin Bashkirian daga Mosko zuwa Basalona ɗauke da mutum 69 yawancinsu yara 'yan makaranta daga garin Ufa, da Boeing 757 na kaya na DHL daga Bergamo zuwa Brussels da matuƙa biyu, duka a ƙafa 36,000 suna nufar wuri ɗaya. Ma'aikatan Karlsruhe a Jamus sun ga abin a nasu allon, gargaɗinsu ya tashi, suka yi ta buga wa Zurich waya, wayar da ba ta aiki.

Saura ƙasa da minti ɗaya Nielsen ya gani, ya ce wa Tupolev ya sauka da sauri zuwa 35,000. A tunaninsa ya gyara.

A nan sai na ɗan tsaya in yi bayanin TCAS. Wata na'ura ce a cikin manyan jirage wadda ba ruwanta da mutumin ƙasa, ita da kanta take tambayar jiragen da ke kewaye ina kuke, wane tsayi, tana lissafin sakan nawa ya rage. Idan ya rage kamar 45 sai ta yi gargaɗi da murya cewa ga jirgi, idan ya kai wajen 35 sai na'urorin jiragen biyu su yi shawara tsakaninsu cikin ƙiftawar ido, ɗaya ta ce wa matuƙinta hau, ɗayar ta ce sauka. Haɗarin Cerritos na 1986, da ƙaramin jirgi ya bugi na Aeroméxico a saman Los Angeles, shi ya sa Amurka ta wajabta ta.

To sakanni kaɗan bayan umarnin Nielsen, TCAS ta ce wa DHL sauka, ta ce wa Tupolev hau. Matuƙan DHL suka bi na'ura suka sauka. Matuƙan Rasha ga mutum ya ce sauka ga na'ura ta ce hau, ɗaya daga cikinsu har ya ja hankalin sauran cewa hau fa ta ce, amma sai muryar Nielsen ta sake dawowa da sauka, suka ci gaba da sauka. Ya kuma gaya musu ɗaya jirgin yana damansu alhali ta hagu yake tahowa. Nielsen ba shi da hanyar sanin abin da TCAS ta ce, allonsa ba ya nunawa, da DHL suka faɗa a rediyo cewa suna sauka da umarnin na'ura ya riga ya koma ɗaya teburin wurin Airbus ɗin bai ji ba. Suka haɗu a ƙasa kaɗan da ƙafa 35,000, mutum 71 ba wanda ya fita. Da bai ce komai ba sam, da na'urorin sun raba su. Wannan ne yake hana ni barci in na tuna, mutumin ya yi abin da aka koya mai ne.

Abin haushin shi ne an riga an samu gargaɗi. Ranar 31 ga Janairun 2001 a Japan, wani ɗalibi da yake koyon aiki ya so ya ce wa jirgin JAL 958 ya sauka, bakinsa ya suɓuce ya ce 907. Shi 907 ɗin TCAS ta ce mai hau, ya bi mutum ya sauka, 958 ma yana sauka da umarnin tasa na'urar. Mutum 677 ne a jiragen biyu, sai da matuƙin 907 ya dulmiyar da jirgin ya yi ƙasa da ƙarfi suka wuce juna da ƙyar, kusan mutum 100 suka ji rauni a cikinsa. Ba a gyara dokar duniya ba sai bayan Überlingen, a 2003 hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ta fito ƙarara ta ce idan TCAS ta ba da umarni a bi ta ko da mutumin ƙasa ya faɗi akasin haka. Daga baya kuma aka gyara na'urar yadda idan ta ga ɗayan ya ƙi bin umarni za ta iya juya nata umarnin.

Nielsen bai kai ga ganin rahoton binciken ba. A Fabrairun 2004 Vitaly Kaloyev, wanda ya rasa matarsa da 'ya'yansa biyu a jirgin, ya je har gidansa a Kloten ya daɓa masa wuƙa. A 2007 kotu a Suwizalan ta samu jami'ai huɗu na Skyguide, kamfanin da ke tafiyar da cibiyar Zurich ɗin, da laifin sakacin da ya jawo mutuwa.

Shi ya sa nake jin haushi idan an yi haɗari jarida ta ce kuskuren ma'aikaci ne a rufe magana. Eh ya yi kuskure, to waye ya bar shi shi kaɗai? Waye ya sa hannu a kashe waya da gargaɗi a dare ɗaya? Igiya ba a inda ta tsinke ta fara ruɓewa ba. Ko na Charkhi Dadri kusa da Delhi a Nuwamban 1996, wanda har yau shi ne karon sama mafi muni, mutum 349, gaskiya ne matuƙan Kazakistan ne suka sauko ƙasa da ƙafa 15,000 da aka ba su suka shiga tsayin jirgin Saudiyya, amma radar Delhi ta lokacin ba ta nuna tsayi, ma'aikacin abin da aka faɗa mai a rediyo kawai ya sani, kuma mai shigowa da mai fita hanya ɗaya suke bi.

Kuma kada a ce tsohon zance ne. Ranar 29 ga Janairun 2025 a Washington, jirgin fasinja yana dab da sauka helikwaftan soja ya shige shi a saman kogin Potomac, mutum 67. Mutum ɗaya ne yake kula da jiragen da kuma helikwaftoci a lokacin, aikin da akan raba wa mutum biyu. Matuƙan helikwaftan sun ce sun ga jirgin za su kauce da ido, aka amince musu. Da ma'aikacin ya ce su bi ta bayansa, masu bincike sun ce da alama wannan ɓangaren maganar bai shiga kunnensu ba don sun danna rediyonsu a daidai lokacin. TCAS kuma idan an yi ƙasa da wajen ƙafa 1,000 ba ta ba da umarnin hau ko sauka, da gangan aka yi ta haka don kada ta tura jirgi ƙasa.

Ƙasashe dai sun san ƙwaƙwalwa tana da iyaka. A Birtaniya doka ce ba ka wuce awa 2 a kan kujera sai ka tashi ka huta aƙalla minti 30. A Amurka ba sa ɗaukar sabon ma'aikaci da ya kai shekara 31, kuma a 56 dole ka sauka. Matsalar ita ce horar da mutum ɗaya yana cin shekaru, da yawa ba sa gamawa, ba aiki ne da za ka ce gobe a ɗebo mutum ɗari ba, to idan suka yi ƙaranci sai a koma haɗe yankuna biyu a hannun mutum ɗaya da ƙarin awanni da aikin kwana shida a sati. Fasaha tana rage wani abu, yanzu akwai aika umarni a rubuce kamar tes zuwa allon matuƙi maimakon rediyo, akwai kwamfutar da ke hango karo tun saura minti 20, amma a ganina duk sauƙin da aka samu sai a cike gurbin da ƙarin jirage, sannan ranar da na'urar ta tsaya mutumin da ya saba da ita ne zai riƙe komai da ka.

In kuna da lokaci ku nemi rikodin ɗin maganarsu na wani babban fili da yamma ku saurara. Lokacin da abu yake da sauƙi za ku ji ma'aikacin yana gaisawa da matuƙa, idan zai miƙa jirgi ga na gaba har ya yi masa sai an jima, wani lokacin har da ɗan barkwanci. Da jirage suka fara taruwa gaisuwar ce take fara ɓacewa, sai sallamar ta bi ta, sai ya zama suna da lamba kawai, suna da lamba, ba ya ko jan numfashi tsakanin wannan da wancan, matuƙan ma da kansu sai su gane su daina roƙon komai. Wani lokacin kuma sai ku ji muryar ta canza gaba ɗaya a tsakiyar abin, wani ne ya karɓe shi, ko kuma shugaban ɗakin ya raba yankin gida biyu ya zaunar da mutum na biyu.